Adana samfurin ruwa don gwajin gurɓatar mai: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu ɗibar ruwan rijiya, famfo, rafi ko magudanar masana'anta domin a auna ko mai ya shiga. Alƙaluman da ke ciki daga ƙa'idojin Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, da na ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta duniya, wato ISO, suke, domin su ne akasarin ɗakunan gwaji ke bi. Inda ɗakin gwajin da za ka kai wa aiki ya ba ka umarni dabam, nasa za ka bi.

Ruwa ne dai a kwalba. Me zai same shi kafin ya isa ɗakin gwaji?

Shi ruwan ba abin da zai same shi. Man da ke cikinsa ne ba ya zama wuri ɗaya. Sassa marasa nauyi na fetur, irin su benzin da toluwin, da sun samu iska sai su bar ruwan su koma cikinta. Benzin a digiri 80 kacal na ma'aunin Salshiyas yake tafasa, kuma tun kafin a kai nan yake tashi. Ƙwayoyin bakteriya da suka shigo tare da ruwan kuwa abinci suka samu, musamman idan daga wurin da mai ya daɗe yana zuba aka ɗebo, domin na can sun riga sun saba da cinsa. Sassa masu nauyi na dizal da baƙin mai su kuma maƙalewa suke yi a jikin kwalba da murfi. Hasken rana ma yana da nasa, yana farfasa wasu daga cikin sinadaran PAH, wani rukuni na sassan mai masu nauyi.

Duk waɗannan asarori gefe ɗaya suka karkata: suna sa ruwa ya fito a takarda da tsabtar da ba shi da ita. Kuma awon da ake magana a kai ƙanƙani ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar benzin a ruwan sha a maikurogiram 10 cikin lita ɗaya (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), Amurka ta sa 5, Tarayyar Turai ta sa 1. Giram ɗaya na benzin ya isa ya kai lita 100,000 na ruwa wancan mataki na 10. A irin wannan lissafi, abin da ya tsere a hanya zai iya zama shi ne bambanci tsakanin "a daina shan ruwan nan" da "ba a ga komai ba". Benzin kuwa yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar jini.

Kwalba ɗaya ba za ta isa a yi duk gwajin ba?

Ba za ta isa ba, domin mai ba abu ɗaya ba ne, tarin ɗaruruwan sinadarai ne, kuma abin da ke kare wani ba shi ke kare wani ba.

Masu tashi a iska, wato BTEX (benzin, toluwin, etilbenzin da zailin) da sauran sassan fetur masu ƙwayar kabon 6 zuwa 10, ana ɗibar su a 'yan ƙananan kwalabe na mililita 40, biyu ko uku a kowane wuri, masu murfin da aka huda tsakiyarsa aka sa faifan roba mai fuskar Teflon, wani abu mai santsi da sinadarai ba sa saurin kama shi. Ta wannan faifan na'urar gwaji ke soka allura ta zuƙi ruwan ba tare da an buɗe kwalbar ba. Sassan dizal, masu kabon 10 zuwa 28 a hanyar EPA 8015, da kuma PAH, ana ɗibar su a kwalbar gilashi mai ruwan ƙasa-ƙasa ta lita ɗaya, launin nata shi ke tare haske. Gwajin maiƙo gaba ɗaya na hanyar EPA 1664 shi ma da tasa kwalbar ta lita ɗaya mai faɗin baki, wadda ba a rabawa da wani gwaji.

Saboda haka tambayar farko ita ce wane mai ake zargi. Wanda ke zaune kusa da tankin fetur da ke yoyo ya ɗebi babbar kwalba kaɗai, ya bar abin da ya fi haɗari a baya.

Me ya hana a yi amfani da gorar roba idan an wanke ta tas?

Roba da mai 'yan uwa ne, daga tushe ɗaya suka fito. Duk wanda ya taɓa zuba abu mai maiƙo a kwanon roba ya san yadda santsin ke ƙin fita ko an wanke sau nawa. Haka gorar ke shanye man da ake so a auna, masu tashi kuma suna iya ratsa jikinta su fice, ita ma tana sakin nata sinadaran cikin ruwan. Gilashi kawai, da murfi mai shimfiɗar Teflon. Kuma kwalaben su fito daga ɗakin gwajin, a wanke, a rufe. Wankin gida da sabulu ba ya kai su matakin tsabtar da awon maikurogiram ke buƙata.

Yaya ake cika ƙaramar kwalbar nan ta mililita 40?

Nan ne ƙwarewar aikin take, kuma ita ake fara cikawa kafin sauran. Sa sabuwar safar hannu. Buɗe murfin, kada yatsa ya taɓa cikinsa. Karkata kwalbar kaɗan, ka bar ruwan ya gangara ta jikinta a hankali, ba fantsama, ba kumfa. Idan ta kusa cika sai ka miƙar da ita, ka ci gaba da ɗigawa har ruwan ya yi tozo a saman baki ba tare da ya malala ba. Daga nan ka ɗora murfin kai tsaye, fuskar Teflon tana kallon ruwan, ka murɗa. Ɗigo ɗaya ko biyu za su zubo ta gefe, ba laifi.

Sai ka kifa ta, ka ɗan ƙwanƙwasa ta a tafin hannu, ka ɗaga ta wajen haske. Idan ka ga kumfar iska ta taso, ajiye ta gefe ka ɗauki sabuwa. Mutane da yawa sukan buɗe su ƙara ruwa, wasu ƙa'idojin ma sun yarda a yi haka sau ɗaya, amma kowace buɗewa tana sakin abin da ake nema, kuma tana zubar da asid ɗin da aka sa a ciki don adana samfurin. Shi ya sa yake da kyau a tafi da rarar kwalabe.

Na cika ba kumfa, amma da aka isa ɗakin gwaji sai ga 'yar kumfa. Samfurin ya lalace?

Ba lallai ba. Ruwa yakan saki iskar da ta narke a cikinsa idan zafinsa ya canza. Ƙa'idar EPA ta lamunci kumfar da faɗinta bai wuce milimita 6 ba. Abin da ya fi haka za a rubuta shi a rahoto, ko a buɗe 'yar uwar kwalbar a yi aiki da ita. Wannan na daga dalilan ɗibar biyu ko uku.

Mene ne amfanin asid ɗin da ake sawa, kuma wanne ne?

Domin bakteriya ake sa shi. Idan tsamin ruwa ya ƙaru har ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka ƙasa da 2, ƙwayoyin suna daina aiki, man ya tsira daga cinsu. A ƙananan kwalabe asid ɗin haidirokulorik ake amfani da shi, ɗigo kaɗan, kuma galibi ɗakin gwaji ya riga ya ɗiga shi kafin ya ba ka. Idan ka ga ɗan ruwa a gindin kwalbar, shi ne, kada ka zubar. A gwajin maiƙo na 1664 ana iya sa haidirokulorik ko salfiyurik. Asid ɗin naitirik na samfurin ƙarafa ne, yana cin sinadaran mai, don haka kada a rikita kwalaben idan ana ɗibar iri biyu rana ɗaya.

Akwai wurare uku da wannan ƙa'ida ke sauyawa. Na farko, ruwan da ya ratsa ta dutsen farar ƙasa yana ɗauke da kabonet, da asid ya taɓa shi sai ya hau tsiyayar kumfa, kumfar nan kuma tana kwashe benzin ta fita da shi. Gwada a kwalba ɗaya tukuna. Idan ya yi kumfa, ɗebi samfurin a kwalbar da ba asid, ka rubuta haka a takarda, ka kuma sani cewa wa'adinka ya ragu. Na biyu, ruwan famfo da aka sa wa kulorin: kulorin ɗin yana ci gaba da aiki a cikin kwalba, don haka ana fara kashe shi da sodiyam tayosalfet ko asid ɗin askobik kafin a sa haidirokulorik. Na uku, idan ana neman MTBE, sinadarin da aka daɗe ana haɗawa da fetur a wasu ƙasashe, asid da zafin na'ura suna iya mayar da shi wani sinadari dabam, saboda haka wasu ɗakunan gwaji sukan ba da kwalba mai tiraisodiyam fosfet a madadinsa.

Kada ka tsoma takardar awon pH a kwalbar da za a gwada. Cika wata dabam ka auna a can.

Ana ɗauraye kwalba da ruwan wurin kafin a cika ta?

A wasu gwaje-gwajen ruwa ana yi, a nan ba a yi. Ɗauraya tana zubar da asid, kuma kowane zagaye yana barin maiƙo a jikin gilashin, sai sakamakon ya haura abin da ke cikin lita ɗaya ta gaskiya. Haka nan babbar kwalba ba a cika ta har ta malala, domin man da ke yawo a sama shi ke fara zubewa. Hanyar ISO 9377-2, wadda ke auna kabon 10 zuwa 40, ta ce a cika kusan kashi 90 cikin 100.

Dalilin barin wannan sarari yana ɗakin gwaji. Can ana juye ruwan kwalbar duka, sannan a zuba sinadarin narkar da mai a cikin kwalbar kanta, a girgiza, a haɗa da sauran. A hanyar 1664 hekzen ne. Da can Freon ake amfani da shi, yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare lemar ozon ce ta kai ga barinsa. Tunda jikin kwalbar ma wani ɓangare ne na samfurin, juye ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan asara ce, haka ma ɗiba da bokiti a zuba da mazurari.

Ruwan ya yi dagwalo. In tace shi?

A'a. Mai yana manne a jikin laka da ɓurɓushi, matatar ma tana riƙe nata. Rubuta a takarda cewa ruwan na da laka, ka bar shi yadda yake.

Wane irin sanyi ake so? Firiza ba ta fi ba?

Ƙa'idar EPA ita ce digiri 6 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, amma kada ya daskare. ISO 5667-3 ta ce a hanya ya kasance tsakanin digiri 2 da 8. Firiza kuwa ɓarna ce: ƙaramar kwalbar a cike take fal, ruwa idan ya daskare kumbura yake yi, ko gilashin ya tsage ko murfin ya saki. Busasshiyar ƙanƙara, wato dry ice, ma daskarar da samfuri take yi, a bar ta.

Ƙanƙarar ruwa ta yau da kullum ita ce ta fi, domin tana kwanciya a jikin kwalba ta ko'ina. 'Yan fakitin nan masu daskararren ruwan shuɗi suna iya riƙe abin da ya riga ya yi sanyi, amma ba su da ƙarfin sauko da lita shida ko takwas na ruwa mai ɗumi da wuri. Sa kowace kwalba a ledarta mai zif, ka naɗe ta da abin da zai hana ta karo da 'yar uwarta, ka ƙulle ƙanƙarar a leda biyu domin narkakken ruwa kada ya jiƙa takardun shaida. Kwalba ta shiga kula da zarar an rufe ta, ba sai an gama zagaye duk wuraren ba. A saka ƙaramar kwalbar ruwan banza guda ɗaya a tsakiya, ita za a tsoma wa ma'aunin zafi idan an isa.

Idan an kai samfuri a ranar da aka ɗebe shi, mai yiwuwa bai gama saukowa digiri 6 ba. Ana karɓar sa muddin a kan ƙanƙara ya iso.

Kwana nawa samfuri zai iya jira?

Ƙananan kwalabe masu asid, a cikin sanyi, kwana 14. Marasa asid, kwana 7. Sassan dizal da PAH, kwana 7 kafin a tatso man daga ruwan, sannan abin da aka tatso yana da kwana 40 kafin a auna shi, kodayake wasu hanyoyin sun ba da kwana 14 ga dizal idan an sa asid. Gwajin maiƙo na 1664, kwana 28. A tsarin ISO kuwa samfurin mai da ba a sa wa asid ba kwana 4 gare shi, mai asid wata ɗaya.

Lissafin yana farawa ne daga lokacin da ruwa ya shiga kwalba, ba daga ranar da ɗakin gwaji ya karɓa ba. Kuma waɗannan kwanaki iyaka ce ta ƙarshe, ba lokacin da ya dace a kai ba. Wanda ya kai samfurin dizal a rana ta shida da yamma ya jefa ma'aikatan cikin tsaka mai wuya. Kafin ka fita ɗiba, tambayi ranakun da suke karɓar aiki, ka kuma guji ɗiba a jajibirin hutu.

Wa'adi ya wuce, ko ƙanƙara ta narke a hanya. A zubar?

Faɗa wa ɗakin gwaji gaskiya tukuna. Za su iya aunawa su sa alama a sakamakon. Idan duk da haka aka ga mai, labarin yana da amfani: akwai shi, kuma wataƙila ya fi abin da aka gani. Idan kuwa aka ce ba a ga komai ba, wannan takarda ba hujja ba ce, bai kamata a ce wa kowa ya ci gaba da shan ruwa a kanta ba. A koma a sake ɗiba.

Me ya sa aka ba ni kwalba a cike, aka ce kada in buɗe ta?

Kwalbar rakiya ke nan. Tsabtataccen ruwa ne aka cika a ɗakin gwaji, ta bi ka zuwa wurin aiki a cikin kula, ta dawo a rufe. Idan aka auna ta aka samu toluwin, an san cewa a hanya ya shiga ta faifan murfi, ba daga rijiya ba. Kowace kula mai ɗauke da ƙananan kwalabe tana buƙatar tata.

Tana da 'yan uwa. Akwai wadda ake cikawa da tsabtataccen ruwa a wurin ɗiba domin a ga abin da iskar wurin ke sawa, akwai ruwan da aka ɗauraye kayan aiki da shi bayan wanki domin a tabbatar wankin ya yi, akwai kuma tagwayen samfuri daga wuri ɗaya. Su ne ake fara yankewa idan ana son rage kuɗin aiki, kuma a ganina kuskure ne, domin ranar da aka yi gardama a kan sakamako su kaɗai ne za su raba ta.

Ta ina mai zai shiga samfuri ba daga ruwan ba?

Ta hanyoyin da ba a zato. Motar da aka bari tana aiki kusa da wurin, ko janaretan da ke tuƙa famfo iska tana kaɗo hayaƙinsa. Hannun da ya zuba wa janaretan fetur sannan ya ɗauki kwalba. Jarkar mai a but ɗin mota ɗaya da kula. Hayaƙin taba, wanda ke ɗauke da benzin. Har alƙalamin maka mai ƙarfin wari da salatif, domin tawada da gam ɗin wasunsu na ɗauke da toluwin ko zailin, don haka a rubuta da biro kuma kada a naɗe murfin ƙaramar kwalba da salatif. A sha mai tun kafin a loda kwalabe, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a sauya safar hannu a kowane wuri, a fara da wurin da ake ganin ya fi tsabta a ƙare da mafi datti.

Ruwan farko ake ɗiba, ko sai an bar shi ya zuba?

Ruwan da ya kwana a bututu ko a saman rijiya ya riga ya saki masu tashi. A famfo, cire 'yar ragar bakin da duk wani tiyo, ka bar shi ya zuba na 'yan mintoci har zafinsa ya daidaita, sannan ka rage shi zuwa siririn zare kafin ka tara. A rijiyar sa ido, wato wadda aka haƙa don duba ruwan ƙarƙashin ƙasa, tsohuwar hanya ita ce a kwashe ninki uku na ruwan da ke tsaye a ciki. Yanzu an fi zuƙa a hankali, kamar mililita 100 zuwa 500 a minti, ana duba pH da sauran alamomi har su tsaya. Famfon da ke cusa iska ko ya dama ruwa da ƙarfi bai dace da wannan aiki ba.

Ga mai nan ina gani yana yawo a saman ruwa. Shi ma haka?

Fara tabbatar mai ne. Wasu bakteriya masu cin ƙarfe suna yin wani kyalli mai launin bakan gizo a kan ruwan fadama. Taɓa shi da tsinke: na bakteriya farfashewa yake yi gutsi-gutsi ya tsaya a haka, na mai kuwa murɗawa yake yi ya sake haɗewa.

Idan mai ne har ya yi kauri, a auna kaurinsa a rubuta, a ɗebe shi a tasa kwalbar, ruwan da ke ƙarƙashi kuma a ɗebe shi dabam ba tare da an ratsa da kwalba ta cikin man ba. Samfurin zallan mai ba ya shiga kula ɗaya da samfuran ruwa ko kusa, turirinsa kaɗai ya isa ya ɓata su duka. A gaya wa ɗakin gwaji tun da wuri, domin irin wannan samfuri idan ya shiga na'ura ba shiri yana iya gurɓata ta har ya shafi na bayansa.

Me ake rubutawa, kuma wa ke sa hannu?

A jikin kowace kwalba: lambar samfuri, wuri, kwanan wata, lokaci, sunan mai ɗiba, abin da aka sa a ciki da gwajin da ake so. A manna takardar tun kwalba tana bushe, domin ba ta kama jiƙaƙƙen gilashi. Sai takardar miƙa amana, wadda duk wanda samfurin ya bi ta hannunsa zai sa hannu da lokaci, daga mai ɗiba har mai karɓa. Ana sa ta a leda a manna a cikin murfin kula, a liƙe kular da hatimi ta yadda ba za a buɗe ba sai an yaga shi. Idan magana ta kai kotu ko neman diyya, giɓin sa'o'i kaɗan a wannan takarda ya isa lauya ya rushe sakamakon da babu kuskure a awonsa.

Ɗakin gwajin yana da nisa, sai an kwana da samfuri. Ina za a ajiye shi?

A cikin kularsa, a tsiyaye narkakken ruwa a ƙara ƙanƙara da dare, a sake ƙarawa da safe. Idan firiji ne, ya zama mai ma'aunin zafi a ciki, wanda ba a ajiye fenti, sinadarai ko samfurin zallan mai a cikinsa, kuma a nisanta kwalaben daga bangon baya inda abu ke daskarewa. Inda wuta ba ta da tabbas, kula da ƙanƙara ta fi firiji aminci. Nemi kwalabe masu asid tun farko domin ka samu kwana 14 a kan masu tashi, ka tsara tafiyar a kan gwajin da wa'adinsa ya fi gajarta, sannan ka kira ɗakin gwajin ka sanar da su ranar isowa da adadin kwalaben da ke tafe.